TSAKANIN MAI ZUBARWA DA MAI KWASHEWA

 Maganar wannan mako ta shafi wata tambaya ce wadda takan taso kowace shekara idan bazara ta kama, hadari ya soma haɗuwa a gabas. Tambayar kuwa ita ce: mutumin da ya tuɓe rigarsa ya shiga korama yana kwashe sharar da wasu suka zubar, ba da umurnin kowa ba, ba kuma don a biya shi ba, shin gyara yake yi, ko kuwa yana ƙara wa masu ɓarna ƙarfin gwiwa ne?

Wanda ya san ƙasar Baure ya san dalilin da ya sa wannan tambaya take da nauyi a can. Baure tana gefen arewa maso gabas na Jihar Katsina, cikin Masarautar Daura, tana iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ƙasa ce ta jigawa wadda ba ta da manyan koguna, damina kuma ba ta wuce wata huɗu, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Abin da ake da shi na ruwan sarari shi ne koramu masu gudu in an yi ruwa su ƙafe in an ɗauke, da tafkuna, da kududdufan bakin gari inda aka haƙi ƙasar gini. A nan dabbobi ke sha, a nan ake kwaɓa ƙasar tubali, a nan ake wanki, yara kuma su yi iyo. Wannan ruwa ɗan kaɗan shi ne kuma ya zama matattarar ledar gari duka. Saboda haka, kamar yadda ake yi a garuruwa da yawa na ƙasar Hausa, samari sukan yi gayya kafin saukar ruwa, su fito da shebur da manjagara da baro, su yashe kwalbati, su tsame abin da ya toshe hanyar ruwa.

Masu sukar wannan aiki ba duka ne ragwaye ba, kuma hujjarsu ba abin rainawa ba ce. Sukan ce: wanda ya zubar da shara yana barci a ɗakinsa, wanda bai zubar ba yana cikin taɓo har gwiwa, fasasshiyar kwalba tana yankarsa. In an kwashe yau, kafin mako biyu wurin ya koma yadda yake, domin mai zubarwa ya gane akwai wanda zai ɗauke masa. Ashe ke nan mai gayya ya zama bara ga ƙazami, ya kuma sauƙaƙe wa hukuma nauyin da ke kanta, alhali tana karɓar kuɗin da aka ware domin tsabtar gari. Suka ce gara a bar wurin ya cika ya yi wari, ruwa ya shiga gidaje, wataƙila sa'an nan kowa ya farga.

Kafin a auna wannan magana, ya kamata a san yadda aka yi shara ta zama annoba, domin kakannin mutanen yau ba su fi su son tsabta da wani abu mai yawa ba. Abin da ya sauya shi ne ita sharar kanta. A da, abin da ake sharowa daga gidan Bahaushe toka ce, da kashin awaki, da karmami, da ɓawon gyaɗa, da ganyen da aka ƙunso ƙosai ko daddawa. Duk wannan ruɓewa yake yi. Juji dukiya ne a wancan zamani, har maigida yakan yi faɗa in an taɓa masa nasa, domin da rani za a ɗora shi a mangala, jaki ya kai gona ya zama taki. Hannu ya saba da jefarwa, ƙasa kuma ta saba da cinyewa. Sai leda ta shigo, daga baya kuma ruwan leda ya bazu ko'ina cikin shekarun 1990. Hannun bai bar al'adarsa ba, amma ƙasa ta kasa cin abin da ake ba ta, gama leda tana iya yin shekaru masu yawa a binne ba ta ruɓe ba. Mahauta shaida ne, sau da yawa sukan farke tumbin akuya ko saniya su tarar da dunƙulen leda, wanda shi ne ya hana ta ƙiba tana ci tana ramewa. Manomi ma shaida ne, domin takin jujin yau sai an tsince shi kafin a watsa.

Tushen cutar kuwa yana cikin wata kalma da ta zama ruwan dare a bakin mutane, watau cewa korama ba ta kowa ba ce. Mutum ba ya zuba shara a tsakar gidansa, ba ya zubawa a gonar maƙwabcinsa don tsoron ƙara, amma yana zubawa a korama da natsuwar zuciya, domin a ganinsa wuri ne marar mai shi. Shari'a ba ta san wannan lissafi ba. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ya sanya ruwa da makiyaya da wuta cikin abubuwan da jama'a suka yi tarayya a kansu. Abin tarayya kuwa masu shi sun fi na kowane abu yawa. Wanda ya ɓata randar maƙwabcinsa mutum ɗaya zai nemi gafararsa, ya san ƙofar gidansa. Amma wanda ya ɓata tafkin gari, ina zai ga masu haƙƙi balle ya roƙe su? A cikinsu akwai Bafillatanin da zai biyo da shanunsa wata uku nan gaba, da yaron da ba a haifa ba tukuna, da mutanen ƙauyen da ke gangare waɗanda bai taɓa jin sunansu ba. Malamai sun daɗe suna tsoratarwa game da haƙƙin jama'a saboda wannan dalili, cewa fita daga cikinsa ya fi wuya. Sayyidina Usman ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, ya sayi rijiyar Ruma a Madina da dukiyarsa ya mai da ita ta Musulmi duka, gugansa bai fi na kowa ba. Da abin jama'a ƙasƙantacce ne, da bai kashe dukiya don ya mai da nasa na jama'a ba.

Duk ɗalibin da ya zauna gaban malami a zaure ya san cewa maganar ruwa tana cikin abin da ake fara karantawa a fiƙihu, tun daga Ishmawi har Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira. A mazhabar Imamu Malik, ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya sauya saboda najasa ba ya halatta a yi tsarki da shi, ba a kuma girki da shi ko sha. In abu mai tsarki ne ya sauya shi, kamar nono, ana amfanin yau da kullum da shi amma ba a alwala. In kuwa sauyawar daga mazauninsa ce, kamar jar ƙasa ko gansakuka, babu laifi. Ana karanta wannan babi kamar dai hukunci ne na mai alwala shi kaɗai, a manta cewa kowane ruwan da ya sauya akwai hannun da ya sauya shi. Leda a kanta ba najasa ba ce, amma ba ta zuwa ita kaɗai: tana zuwa da ƙunzugun jarirai, da jinin yanka, da mushen kaza, wani lokaci ma da bayan gida a ƙulle. Matafiyin da ya iso bakin tafki da azahar ya tarar ruwan ya yi baƙi, ya koma ya yi taimama, an tauye masa wani abu, ko da bai san wanda ya tauye ba.

Buhari da Muslim sun ruwaito hani game da yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, an kuma ruwaito tsoratarwa mai tsanani game da yin bayan gida a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Likitocin zamani sun bayyana wani ɓangare na hikimar wannan. Cutar tsargiya, wadda ke sa yara fitsarin jini, ƙwanta yana fita ne cikin fitsarin mai ciwon, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin wata 'yar katantanwa, sa'an nan ya fito ya huda fatar wanda ya shiga wanka. Amai da gudawa kuwa yana bin ruwan da bayan gida ya taɓa. A shekarar 2021 wannan cuta ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya bisa ƙidayar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, fiye da 3,500 suka rasu, Katsina da Jigawa da Kano kuma suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Ga kuma sauro, wanda kowace leda da ta riƙe ruwa ɗan cikin cokali ta ishe shi gida.

Da wannan za a ga raunin shawarar masu cewa a bar wurin ya cika don mutane su ɗauki darasi. Wa zai biya kuɗin darasin? Ruwan da kwalbati ya hana wucewa ba ya tambayar gidan wanda ya zubar da shara. Gidan da ke kwari yake shiga, wanda galibi na talaka ne mai ginin ƙasa, katanga ta jiƙa ta faɗa wa masu barci. Yaron da zazzaɓi zai kayar bai zubar da kome ba. Horon da zai sauka a kan marar laifi ya tsallake mai laifi bai cancanci a kira shi horo ba. A cikin Sahihul Buhari akwai misalin mutanen da suka yi ƙuri'a a kan jirgin ruwa, wasu suka sami sama wasu ƙasa, na ƙasa suka yi niyyar huda rabonsu don su ɗebi ruwa ba tare da sun dami na sama ba. Abin lura a misalin shi ne masu hudawa ba mugunta suka nufa ba, sauƙi suka nema. Haka matar da ke tura yaro da kwandon shara ya juye a korama sa'ad da ake tsuga ruwa, tana cewa ruwa zai tafi da ita. Lalle zai tafi da ita, amma zuwa ƙofar wani. Na saman jirgi kuwa ba su da ikon cewa bari su nutse su gani, domin jirgin ɗaya ne.

To, amsar tambayar tana cikin rarrabewar da malaman usulu suka yi tsakanin farillai iri biyu. Akwai farilla kifaya, wadda in wasu suka tsaya da ita ta faɗi daga kan saura, in kuwa kowa ya bari, duk wanda ke da iko ya yi laifi, kamar wankan gawa da binne ta. Akwai kuma farilla aini, wadda ke kan kowane baligi shi da kansa, wani ba ya ɗauke wa wani. Kawar da cutar da ta riga ta auku a hanyar ruwan jama'a, in ta kai ga barazana ga rayuka da gidaje, tana cikin kashi na farko. Kame hannu daga zubawa yana cikin na biyu. Samarin da suka yi gayya sun sauke wa garin nan nauyin farko, har da limami da attajiri da malamin makaranta waɗanda ba su fito ba, kuma ladansu yana nan, gama Muslim ya ruwaito cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani, an kuma ba da labarin mutumin da aka gafarta masa saboda reshen ƙaya da ya janye daga hanya. Amma ko sun kwashe sau dubu, ba su ɗauke ƙwayar zarra daga laifin mai zubarwa ba. Kuskuren mai suka shi ne ya ɗauka littafin mutanen biyu ɗaya ne, har abin da aka rubuta wa wannan yana goge na wancan. Mai zubarwa ma kuskurensa ke nan in ya ce ai za a kwashe. Hasali ma ya ƙara wa kansa wani haƙƙi, na wahalar da ya ɗora wa mai kwashewa. Malaman Malikiyya kuma sun tabbatar da cewa wanda ya ajiye a hanyar jama'a abin da ba a yarje masa ba, ya halaka wani abu, shi zai biya.

Duk da haka akwai gaskiya a bakin mai suka wadda bai kamata a binne ta ba. Gayya kaɗai ba ta warkar da korama, domin hannu ashirin masu kwashewa sau ɗaya a shekara ba za su rinjayi hannu dubu masu zubawa kullum ba. Tarihin kurkunu ya isa misali. Wajen shekarar 1988 an ƙidaya masu wannan ciwo fiye da 650,000 a Nijeriya, manoma suna kwance da damina ƙafa a kumbure. Ciwon ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar da ke kashe shi. Abin da ya kawar da shi, a yaƙin da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon suka sa hannu a ciki, shi ne a tace ruwan sha, a samar da rijiyoyi, mai kurkunu kuma ya hana ƙafarsa shiga tafki. An ga na ƙarshe a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasar ta rabu da shi. Kowane mai ciwo da ya tsaya a bakin ruwa ya miƙa tulunsa wani ya ɗebo masa, ya yi abin da ma'aikata ɗari ba za su yi a madadinsa ba.

Kamewa irin wannan takan samu ta hanya biyu, tsoron Allah ko tsoron hukuma, kuma magabata ba su raina ta biyun ba. Littattafan hisba na Andalus, kamar na Ibn Abdun mutumin Ishbiliya a farkon ƙarni na 12 na Miladiyya, sun ɗora wa muhtasibi hana zuba shara a gaɓar kogi. Dattawan ƙasar Daura suna tune da duba-gari na zamanin En'e, wanda yakan shiga gida ya leƙa randa, in ya ga ƙwarin ruwa a ciki a yi tara. Sa'an nan ga yaƙi da rashin ɗa'a wanda gwamnatin marigayi Janar Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ta ƙaddamar a 1984, aka ƙara masa babin tsabtar gari a 1985. Garuruwa sun yi fes a lokacin, amma da bulala ta kau, sai yawancin mutane suka koma gidan jiya, abin da ya nuna tsoron hukuma yana gyara titi ne muddin hukumar tana tsaye. Ƙasar Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, watau sun tare abin tun daga mafarinsa. Wannan aikin masu mulki ne. Amma abin da ke hannun dagaci da mai unguwa da limamin Juma'a ba kaɗan ba ne: su keɓe wurin juji nesa da hanyar ruwa, su san gidan da kwandon ke fitowa, su yi wa maigidan magana da sunansa. Samari masu gayya kuma, in sun tsaya ga shebur suka ji nauyin buɗe baki, sun yi rabin aiki, domin hani ga abin ƙi yana tare da kawar da shi. Sai dai a yi hanin da ladabi, gama mai kwandon sau da yawa yaro ne aka aiko, wadda ta aiko shi kuma ba a nuna mata wani wurin zubawa ba.

Akwai wani abu da ke hana manya fitowa wanda ba a cika faɗinsa a fili ba, shi ne ganin cewa taɓa shara aikin ƙasƙantattu ne. Mai babbar riga yakan tsaya daga nesa ya sa albarka, in ya yi ƙoƙari ya aiko da kuɗin ruwan sha, wanda sau da yawa ruwan leda ne, a sha a jefar nan bakin koramar da ake yashewa. Ya isa a tuna da baƙar matar nan mai share masallacin Madina, wadda ta rasu aka binne ta ba a sanar da Manzon Allah ba, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, don an ga kamar sha'aninta bai kai ba. Da ya tambaya aka gaya masa, sai ya sa aka nuna masa kabarinta ya je ya yi mata salla.

Su ma masu gayya akwai ramin da ke gabansu. Labarin kaka da kakanni na Daura ya ce macijiya ta tare rijiyar Kusugu, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har baƙo Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa bai samu ba, ya je da dare ya kashe ta. Da gari ya waye Daurama ta nemi wanda ya yi aikin, masu cewa su ne suka yi yawa, sai da aka ce a kawo kan macijiyar sa'an nan gaskiya ta fito. Masu da'awa irin waɗannan ba su ƙare ba. Akwai mai zuwa da sabon shebur a ɗauke shi hoto a sa a Facebook, kafin rana ta take ya ɓace, akwai kuma ɗan takarar da ba ya tuna korama sai shekarar zaɓe. Hukuncin niyyarsu yana ga Allah, kuma ledar da suka tsame ta tsamu ko da wace niyya. Amma shaidar aikin a nan duniya tana wurin tulin da aka fitar. Sau da yawa akan tsame shara a jibge ta a gaɓa, a watse ana murna, babu baro ko amalanke ko motar ƙaramar hukuma da za ta ɗauke ta. Awaki su barbaza, iska ta kwashi rabi, ruwan farko ya mai da sauran inda aka ɗebo shi. Wasu kuma sukan cinna mata wuta nan tsakiyar unguwa, hayaƙin roba ya shiga ƙirjin tsofaffi da jarirai, alhali ƙa'idar malamai ita ce ba a kawar da cuta da wata cuta irinta. Wanda ya fitar da shara daga ruwa ya ajiye a kan hanya, ya zama shi ne mai ajiyewa, hukuncin mai ajiyewa kuma ya hau kansa har sai ta isa juji. Saboda haka shugaban gayya zai fara ne da sanin inda za a kai tulin da abin da za a kai shi da shi, ya sami amincewar mai unguwa a kan wurin, kafin ya sa ranar fita.